Kun Tambaya, Mun Amsa: Idan kasafi ya gaza, tallafin wa ake fara taɓawa?

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: tallafin da gwamnatoci ke ba tsofaffi, yara, naƙasassu da marasa aikin yi, da irin gyaran da ake yi wa sharuɗɗan samunsa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk sanda aka ce an samu giɓi a kasafin kuɗi, sai a ji an nufi tallafin marasa ƙarfi. Da gaske shi ne ke cinye kuɗin? (Daga wani malamin makaranta)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sai an fara zazzage buhun da ake kira "tallafi" an ga abin da ke ciki. A ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, abin da gwamnatoci suka kashe kan jin daɗin jama'a a 2022 ya kai kusan kashi 21 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, Faransa ma ta haura 30. To amma fansho da kiwon lafiya ne suka kwashe kaso mafi tsoka. Kuɗin marasa aikin yi, wanda aka fi tada jijiyar wuya a kansa, a yawancinsu bai kai kashi 1 ba. A ƙasashe masu tasowa kuwa, Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa duka tallafin marasa galihu bai wuce kashi 1.5 ba a matsakaici. Shirin Bolsa Família na Brazil, mai ba iyalai matalauta kuɗi, duk da sunan da ya yi, ya shafe shekaru yana cin kusan rabin kashi ɗaya kacal.

Dalilin da ya sa ake fara taɓa shi kashin dankali ne. Kuɗin ruwan bashi ba a isa a ƙi biya ba. Masu albashi suna da ƙungiyoyin ƙwadago. Masu fansho ba sa wasa da ranar zaɓe. Talaka mai karɓar tallafi kuwa a warwatse yake, ba shi da mai yi masa magana a teburin da ake rabon.

Hannu huɗu gwamnati ke da su a nan: ta rage yawan kuɗin, ta rage yawan masu karɓa, ta gajarta lokacin da ake karɓa, ko ta tsananta wahalar nema har mutane su haƙura da kansu. Na huɗun ba a rubuta shi a kasafi, shi ya sa ya fi sauran ɓarna.

Tambaya: Me ya hana a tace kawai, a ba talaka na haƙiƙa, a cire duk mai hali? Ai da an samu rarar kuɗi. (Daga wata ma'aikaciyar jinya)

Amsa: Malama, faɗar tana da sauƙi, gano talakan ne aiki. Inda akasarin mutane ke da albashi a rubuce kuma hukumar haraji ta san abin da kowa ke samu, ana duba kuɗin shiga kai tsaye. Inda kuwa yawancin jama'a manoma ne, 'yan tireda da masu aikin ƙarfi, ba takardar albashi, sai a koma ƙiyasi. Ma'aikaci ya zo gida da jerin tambayoyi: rufin ɗaki na mene ne, akwai banɗaki, yara nawa, maigida ya yi karatu zuwa ina, akwai firji ko babur ko dabbobi. Kwamfuta ta ba kowace amsa maki, ta haɗa, a ja layi. Wanda ya faɗo ƙasan layin ya shiga, wanda ya haura ya tafi.

Ga inda gizo ke saƙar. Magidanci ya yi rufin kwano shekara biyar da suka wuce, lokacin yana da aiki. Bara aikin ya ƙare, yau da ƙyar ake ɗora tukunya a gidan. Kwamfutar ba ta ganin tukunya, rufin take gani. Haka matar da mijinta ya rasu wata uku bayan masu rajista sun wuce: a takarda har yanzu gidanta yana da mai nema. Wani nazari da masana tattalin arziki suka yi kan ƙasashen Afirka tara ya nuna cewa irin wannan ƙiyasi yana da kyau wajen tace masu hali, amma yana barin fiye da rabin waɗanda suka fi kowa talauci a waje.

Kuskuren tantancewa iri biyu ne: a shigar da wanda bai cancanta ba, ko a bar wanda ya cancanta. Kamar ma'auni ne mai kwano biyu, in an danne ɗaya sai ɗayan ya tashi. 'Yan siyasa da 'yan jarida sun fi ganin na farko domin yana da hoto: mai mota a layin tallafi. Na biyun ba wanda ke ɗaukar hotonsa, yana gida.

Ko a ƙasar da ke da cikakkun bayanai abin yana ba da ciwon kai. A 2024 Birtaniya ta taƙaita kuɗin ɗumama gida na lokacin sanyi ga tsofaffin da ke karɓar ƙarin tallafin masu ƙaramin fansho kaɗai, mutum kusan miliyan 10 suka fita. Matsalar ita ce kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka cancanci wancan ƙarin tallafin ba su taɓa nemansa ba, saboda haka tsofaffin da aka ce su ake karewa su ma suka rasa. A 2025 gwamnati ta ja da baya, ta mayar da kuɗin ga duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 35,000 ba.

A ganinmu, wannan na cire masu hali kaɗai shi ne tsarin da ya fi dacewa a wurare da yawa. Inda talakawa suka fi masu hali yawa, gano mai hali a cire shi ya fi sauƙi da arha a kan farautar talaka gida-gida, domin mai hali yana da sawu: rajistar mota, albashin gwamnati, takardar haraji. Sai a haɗa da rukunin da ba ya buƙatar gardama, kamar yara ƙanana, tsofaffi da naƙasassu. Shekarun haihuwa ba sa hawa da sauka kamar cinikin kasuwa. In kuma dole sai an yi ƙiyasin, to ƙofar rajista ta kasance a buɗe kullum, kada a jira ƙidaya ta gaba. Brazil tana wajabta sabunta bayanan kowane gida aƙalla sau ɗaya cikin wata 24.

Tambaya: Na ji ana cewa wasu na ƙin ƙarin albashi ko ƙarin aiki don kada a yanke musu tallafi. Wannan ba lalaci ba ne? (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, kai da ka san lissafi, mu ɗora a sikeli. A ce doka ta ce duk wanda samunsa bai kai 500 a wata ba za a ba shi 100. Mai samun 490 yana tafiya gida da 590. Aka yi masa ƙarin 20, ya koma 510, tallafi ya tsaya gaba ɗaya. Ya ƙara gumi, ya yi asarar 80. Wane ɗan kasuwa ne zai karɓi wannan ciniki? Laifin na wanda ya tsara dokar ne, ya haƙa rami a bakin layi.

Maganinsa janyewa sannu a hankali. Maimakon a datse, sai a ce kowane 10 da mutum ya samu sama da 500 za a rage masa 5. Mai 510 zai karɓi 95, mai 600 ya karɓi 50, sai a 700 tallafin zai ƙare. A kowane mataki, wanda ya ƙara aiki ya ƙara samu. Haka tsarin Universal Credit na Birtaniya yake, wanda ya fara a 2013 ya haɗe tallafi shida wuri ɗaya. Da farko ana janye fene 65 daga kowane fam (fene 100) da mutum ya samu, aka sauke zuwa 63 a 2017, sannan 55 a ƙarshen 2021. Brazil ta bi wata hanyar a 2023: gidan da samunsa ya ɗan haura layi zai ci gaba da karɓar rabin kuɗin na wani lokaci kafin a sallame shi.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, janyewa a hankali tana da tsada, don tana shigo da masu samun 500 zuwa 700 waɗanda da ba sa ciki. Gwamnatin da ke cikin matsi takan so ta tsananta janyewar, amma duk tsanantawa komawa ce bakin ramin. Na biyu, dole a haɗa lissafin duka. In tallafin abinci yana janye 30 cikin 100, na haya yana janye 30, haraji yana ɗaukar 20, to a kowane 100 na ƙarin samu 20 ne ke shiga aljihun mutum, kuma kowace ma'aikata tana ganin nata kason ba shi da yawa.

A ƙasashe masu tasowa kuwa, zargin lalacin ba shi da madafa mai ƙarfi. Wani nazari na 2017 da ya tattaro gwaje-gwaje bakwai a ƙasashe shida bai samu shaidar cewa ba talakawa kuɗi a hannu yana sa su rage aiki ba. Kuɗin ba su kai a kwanta a kansu ba.

Tambaya: An ce ba a rage mana ko sisi ba, amma kuɗin ba sa kai mu rabin wata yanzu. Ta yaya? (Daga wata uwa)

Amsa: Hajiya, an rage, hauhawar farashi aka bar wa wuƙar. In farashi yana tashi da kashi 20 cikin 100 a shekara kuma tallafi yana nan inda yake, bayan shekara uku 100 ɗinki abin 58 za ta saya. Ba majalisar da ta kaɗa ƙuri'a, ba wanda za a nuna da yatsa.

Tsohuwar dabara ce. Birtaniya ta daskarar da yawancin tallafin masu shekarun aiki daga 2016 zuwa 2020. Amurka ta ware wa jihohi dala biliyan 16.5 a shekara don tallafin iyalai marasa ƙarfi a dokar 1996, kuma ba a ƙara ba, yau kuɗin sun rasa kusan rabin darajarsu. Iran ta janye tallafin makamashi a Disamban 2010 ta maye gurbinsa da riyal 455,000 ga kowane mutum a wata, kimanin dala 45 a lokacin, kuɗi masu auki. Aka bar adadin yadda yake shekara da shekaru har ya zama abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai ta biyu da ba a cika lura da ita ba: a daskarar da layin cancanta. Albashi ya ɗan motsa don bin farashi, mutum bai ƙara arziki ba, amma ya haura layin, an cire shi. Duk gyaran da aka kawo, abin tambaya na farko shi ne: an rubuta a doka cewa kuɗin da layin za su bi farashi kowace shekara, ko sai mai mulki ya ga dama?

Tambaya: Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa share sunayen bogi daga rajistar masu karɓar tallafi. Ta ina za mu fara, kuma me za mu kiyaye? (Daga wani jami'i)

Amsa: Ranka ya daɗe, fara da raba matsalar gida uku, don maganinsu ba ɗaya ba ne: zamba da gangan, kuskuren mai nema, da kuskuren ofis. In aka zuba su tukunya ɗaya aka kira su duka "sata", za a hukunta wanda bai ji ba bai gani ba.

Aikin farko a kan tebur ake yinsa, ba tare da an tada kowa ba. A gwada rajistar da kanta don gano suna biyu masu lamba ɗaya, ko mutum arba'in da kuɗinsu ke faɗawa asusu ɗaya. Wannan na ƙarshe kusan kullum hannun na ciki ne. Sannan a gwada ta da rajistar mamata, da jerin masu albashin gwamnati, da bayanan haraji. Abin da ya fito daga nan zargi ne kawai, bai zama hukunci ba. Sai mutum mai ido ya duba kowane fayil, a aika wa mai sunan takarda da harshen da yake ji, a faɗa masa dalili, a ba shi wa'adin da zai iya kawo hujja, kuma kuɗinsa su ci gaba da zuwa har a yanke. Kafin a faɗaɗa, a ɗauki samfurin sunayen da aka cire, a je ƙafa da ƙafa a gani. In cikin 200 an tarar 60 suna raye kuma sun cancanta, a tsaya, ma'aunin ne ya lalace.

Waɗanda suka tsallake wannan matakin sun ɗanɗana kuɗarsu. Ostareliya ta bar kwamfuta tana ɗaukar abin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai kan makonni bibbiyu 26, sannan ta ce an biya shi tallafi fiye da ƙima. Wanda ya yi aiki wata huɗu ya zauna wata takwas sai ya bayyana kamar yana da albashi duk shekara, aka bi shi bashin da bai ci ba, kuma aka ce shi zai kawo tsofaffin takardun albashi ya wanke kansa. A 2019 kotu ta tabbatar tsarin ya saɓa doka, a 2020 gwamnati ta sanar za ta mayar da dalar Ostareliya miliyan 721 kan basussuka kusan 470,000. Garin neman gira aka rasa ido. A Holan, hukumar haraji ta zargi iyaye kusan 26,000 da zamba kan tallafin renon yara, har ana ɗaukar mallakar takardar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar rashin gaskiya. Gwamnatin firaministan lokacin, Mark Rutte, ta yi murabus a kan haka a Janairun 2021.

Na'urar ɗaukar yatsa ma ba ta raba gardama yadda ake zato. Yatsun tsoho da na mai aikin ƙarfi sun goge, intanet tana yankewa, kuma na'urar ba ta hana mai rabo ya tauye mudu bayan an danna. A jihar Jharkhand ta Indiya, bincike ya gano akasarin katunan rabon abinci da aka soke da sunan bogi na mutane ne masu rai. A tanadi hanya ta biyu ga duk wanda na'ura ta ƙi.

Sai wata shawara: a duba ko dokar ce da kanta ke haifar da bogin. Lokacin da Brazil ta koma biyan mafi ƙarancin kuɗi iri ɗaya ga kowane gida, ko mutum ɗaya ko shida, rajistar "gida mai mutum ɗaya" ta yi tashin gwauron zabi a 2022, domin iyalai sun rarrabu a takarda. In tsari yana ba da lada kan rarrabuwa, ko jami'i dubu aka ɗauka ba za su ƙure shi ba.

Tambaya: Ba gara a sa sharaɗi ba, wanda zai karɓa ya yi aiki ko ya kai yaransa makaranta? (Daga wani ɗalibin jami'a)

Amsa: Ɗan'uwa, sharaɗin makaranta da asibiti yana da tarihi, tun daga shirin Progresa na Meziko a 1997, kuma ya ƙara yawan yaran da ke zuwa aji. Amma yana aiki ne inda akwai makarantar da malamin. Wani gwaji a Malawi ya nuna fuska biyu: kuɗi mai sharaɗi ya fi riƙe 'yan mata a makaranta, amma marar sharaɗi ya fi rage ɗaukar ciki da wuri a tsakanin waɗanda suka riga suka bar karatu, don su mai sharaɗin ya yar da su. A Maroko, faɗa wa iyaye kawai cewa kuɗin na karatun yara ne, ba tare da bibiya ko hukunci ba, ya yi aikin da sharaɗin ya yi, kuma da arha.

Sharaɗin aiki ya fi rikici. Jihar Arkansas ta Amurka ta sa shi kan inshorar lafiyar marasa ƙarfi a 2018: awa 80 a wata, a riƙa ba da rahoto ta intanet. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 18,000 suka rasa inshorar, kafin kotu ta dakatar a Maris 2019. Da aka bincika, fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda dokar ta shafa sun riga sun cika sharaɗin ko an ɗauke musu shi, kuma yawan masu aiki bai ƙaru ba. Cike takarda ne ya kayar da su. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. In za a sa sharaɗin, ofis ya nemo hujjar daga bayanan da ke hannunsa, hukunci ya fara da gargaɗi, kuma kada kason yara ya shiga cikin abin da ake yankewa.

Tambaya: Ƙara shekarun ritaya adalci ne? (Daga wani dattijo)

Amsa: Baba, in mutane sun ƙara tsawon rai kuma masu zubi sun ragu, da wuya a kauce masa, tunda nan manyan kuɗin suke. Yadda aka yi shi ne ke raba mai kyau da marar kyau. Jamus ta yi doka a 2007, ta fara aiki da ita a 2012, tana ƙara wata ɗaya sannan wata biyu ga kowace shekarar haihuwa, daga 65 har a kai 67 a 2031. Kowa ya san ranarsa tun da nisa. Faransa ta ɗaga daga 62 zuwa 64 a 2023 ba tare da ƙuri'ar ƙarshe a majalisar wakilai ba, aka yi watanni ana zanga-zanga. Folan ta ɗaga zuwa 67, wata gwamnatin ta zo ta soke a 2017. Sannan mai ɗaukar kaya da mai zaman ofis ba su kai 60 da jiki iri ɗaya ba. In ba a buɗe wa masu aikin wahala da waɗanda suka fara aiki tun suna yara wata ƙofa ba, za su koma layin tallafin rashin lafiya, a toshe nan ya ɓulle can.

Tambaya: An dakatar da tallafin mahaifiyata ba tare da bayani ba. Me zan yi? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, Allah ya ba da mafita. Kada ki tsaya jira, domin kusan kowane tsari yana da wa'adin ɗaukaka ƙara, wani wata ɗaya ne kacal, kuma daga ranar da ke jikin takarda yake fara ƙirga, ba ranar da ta iso hannunki ba. Ki nemi dalilin dakatarwar a rubuce, da ranar da aka yanke. Ki tambaya ko dakatarwa ce ko cirewa gaba ɗaya, don ta farko sau da yawa sabunta bayani kawai take buƙata. Ki ɗora katin shaidarta, takardar banki da takardar rajistar kusa da juna ki duba harafi-harafi: bambancin rubutun suna, sauya tsarin suna na farko da na mahaifi, ko ranar haihuwa, su ne suka fi jawo wannan. Ki tabbatar asusun bai rufe ba saboda daɗewa ba a taɓa shi ba, kuma lambar wayar da aka yi rajista da ita tana aiki.

Ki shigar da ƙorafin a rubuce, ki karɓi lamba ko hatimi a kan kwafinki, ki miƙa kwafi ki riƙe na asali. Ki rubuta ranar kowace zuwa da ofishin da kika shiga. In Mama ba ta iya tafiya, ki nemi takardar wakilci ko a zo gida a tantance ta. A cikin wasiƙar ki nemi a biya kuɗin watannin da aka tsallake, domin a wurare da yawa ba a biyansu sai an nema. Wanda ya ce ki ba shi wani abu ya mayar da sunan, ki ɗauki bayaninsa ki haɗa da ƙorafin.